Amsa: JAXB na cewa "unexpected element" alhali sunan tag ɗin daidai yake

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce fayil ɗin XML da aka aiko maka ya fara da <oda xmlns="http://misali.com/oda">, class ɗinka na ɗauke da @XmlRootElement, amma Unmarshaller na JAXB, wato abin da ke mayar da XML zuwa objects na Java, yana ta kukan "Expected elements are <{}oda>". Da ka saka namespace, wato adireshin nan da ke cikin xmlns, a kan @XmlRootElement kukan ya tsaya, sai kuma duk bayanan ciki suka fito null.

Dubi {} ɗin nan da babu komai a cikinsa, can matsalar take. A wurin JAXB cikakken sunan tag biyu ne a haɗe: adireshin namespace da sunan kansa. Class ɗinka na jiran oda marar namespace, fayil kuma ya kawo mai namespace. Kuma xmlns da aka rubuta ba tare da prefix (ɗan gajeren suna irin o: a gaban tag) ba yana shafar duk tags da ke ƙarƙashinsa, ba na sama kaɗai ba. Kai ka gyara uwar ka bar 'ya'yan. Abin haushin shi ne JAXB ba ya tsayawa idan ya gamu da tag ɗin da bai gane ba a tsakiya, tsallake shi yake yi shiru, shi ya sa ka ga null ba tare da wani saƙo ba.

Kada ka bi kowane @XmlElement kana liƙa namespace, wahalar banza ce. Buɗe package-info.java a cikin package ɗin, ka sa @XmlSchema da namespace ɗin, tare da elementFormDefault = XmlNsForm.QUALIFIED. Ka yi clean build, ka leƙa cikin jar ka tabbatar package-info.class ya shiga. Adireshin kuwa harafi da harafi ake gwada shi: https a maimakon http, ko / ɗaya a ƙarshe, ya zama wani namespace dabam. Prefix ba ruwansa, ns2 ne ko o ne duk ɗaya. Attributes su ma ka bar su yadda suke, xmlns marar prefix ba ya hawa kansu.

Kafin ka ci gaba, sa setEventHandler da DefaultValidationEventHandler a kan Unmarshaller. Zai tsaya a kuskuren farko ya nuna maka layin. Idan kana da XSD, wato fayil ɗin da ke bayyana tsarin XML ɗin, setSchema ya fi.

Abu na gaba da zai tare ka shi ne xsi:type. Idan fayil ya ce xsi:type="o:OdarSari", JAXB zai fassara o zuwa adireshinsa, ya nemi class mai @XmlType da ya dace da sunan da namespace. Lura, idan ba ka rubuta name da kanka ba, JAXB ƙaramin harafi yake sa wa farkon sunan class, wato odarSari, kuma ba zai dace ba. Sannan JAXBContext ba ya gano subclass da kansa. Ka ambace shi a @XmlSeeAlso a kan uwar class, ko ka miƙa shi ga newInstance. In ba haka ba zai koma ga uwar, idan abstract ce sai ka ga "Unable to create an instance".

Idan ta DOM (hanyar ɗora XML gaba ɗaya a matsayin bishiyar tags) kake fara karanta fayil ɗin, DocumentBuilderFactory a kashe yake zuwa game da namespace, sai ka kira setNamespaceAware da true. Idan kuma ClassCastException ya fito yana ambaton JAXBElement, yi amfani da unmarshal mai karɓar Source da Oda.class, ka ɗauki getValue.

Wace Java kake kai? Tun Java 11 aka cire JAXB daga JDK, kuma daga siga ta 3.0 ta JAXB sunan package ya koma jakarta.xml.bind daga javax.xml.bind. Idan annotations naka na javax ne amma runtime na jakarta, ba zai gan su ba sam, komai kyan package-info ɗinka. Turo mana pom.xml da layuka goman farko na fayil ɗin mu duba.