Maganin Ɗigawa Zai Iya Rufe Rami a Ido?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata a Aboabo, Kumasi, ta daina iya zura zare a allura, kuma layukan Alƙur'ani sun zama mata a karkace. An ce mata akwai rami a tantanin bayan idonta. Na ji cewa maganin ɗigawa mai rage kumburi yana warkar da shi. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Alamomin da kika faɗa sun yi kama da rami a tsakiyar tantanin, wurin da ido yake ganin ƙananan abubuwa. Idan ramin ƙarami ne, sabo, kuma gefensa ya kumbura, likitoci sun ga yana rufewa a wasu majinyata bayan makonni ana ɗiga magungunan rage kumburi, wato prednisolone da ketorolac, domin idan kumburin ya sauka sai gefunan su haɗu. Amma tiyata ce magani mafi tabbas, inda ake cire ruwa mai kauri na cikin ido a sa kumfar iska ta danne ramin.

Ina roƙonki da kada ki sayi maganin a kemis, saboda prednisolone yana iya ƙara matsin ido ya jawo gilakoma, cutar da ke lalata jijiyar gani, wadda ta yi yawa a Gana. Ki kai ta sashen ido na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi a auna girman ramin da hoto. In kuwa ta fara ganin walƙiya ko inuwa kamar labule, ku tafi ranar, kada ku kwana.