Tambaya da Amsa: Ina Rubutawa, Ina Yagewa

Tambaya: Salama. Ina koyar da yara a makarantar Lahadi a unguwar Asawase, Kumasi. Shekara biyu ke nan ina son rubuta gajerun bimbini da Hausa, amma duk shafin da na cika sai na yage. Tsorona kada a ce Hausata ta zango ce, kuma in na karanta, muryar fastonmu nake ji, ba tawa ba.
'Yar'uwa daga Kumasi

Amsa: Salama, 'yar'uwa. Ki buɗe Irmiya sura 36. Sarki Yehoyakim ya yanyanka naɗaɗɗen littafin annabin da wuƙa ya zuba a wuta. Irmiya ya ɗauko wani, magatakardansa Baruk ya sake rubutawa, har aka ƙara magana a kan ta farko. Ke kuwa tun sarki bai iso ba kin riga shi kunna wutar. Daga yau, kada ki ƙara yage komai.

Abin da ke jawo yagewar shi ne haɗa rubutu da gyara a zama ɗaya. Ki raba su. Minti 20 kowace safiya, kalma 200, aya ɗaya, batu ɗaya. Ki rufe littafin, sai bayan kwana uku ki dawo da jan biro.

Batun murya ya fi muhimmanci. Muryar fasto na shigowa ne domin kina zaton rubutun Kirista dole ya yi kama da wa'azi. Ki kunna rikoda a wayarki, ki bayyana ayar kamar yadda kike yi wa yaran ajinki, minti uku. Sannan ki kwafe abin da kika faɗa kalma da kalma, ki cire maimaici kawai. Misalan da suka fito da kansu, mai kooko a bakin hanya, cunkoson kasuwar Kejetia, ki bar su, nan muryarki take. Duk jimlar da ba za ki iya faɗa wa maƙwabciyarki ido da ido ba, ki soke ta.

Hausar zango ba abin kunya ba ce, masu karatunki ita suke ji. Amma ki kula da abu biyu. Kada ki juya aya daga Turanci da ka. Ki kwafo ta daga Littafi Mai Tsarki, wanda yake da cikakkiyar fassarar Hausa tun 1932, ki duba sura da aya sau biyu. Kuma ki sa Hausa a Gboard, wato manhajar madannan rubutu ta waya, domin ɓ, ɗ da ƙ, kada ƙasa ta koma kasa.

In bimbini guda biyar sun kammala, ki ba mutum biyu: dattijo ya duba koyarwa, wata ƙawa ta nuna inda ta gaji da karatu. Kada ki tambaye su ko ya yi kyau, ki ce su ja layi a inda suka tsaya. In kuma shaidar wani za ki sa, ki nemi izininsa tukuna, zango ba ya ɓoye mutum ko an sauya masa suna.