Duk mai sukar jari-hujja ɗan gurguzu ne?

Malam, ka tambaya ko masanan da ke sukar ka'idojin jari-hujja na cikin aji duk 'yan gurguzu ne. A'a, kuma nan ake yawan tuntuɓe.

Ɗauki Hyman Minsky, Ba'amurken masanin tattalin arziki da ya rasu a 1996. Ana koyar da cewa kasuwa na daidaita kanta. Shi kuwa ya ce kwanciyar hankalin ce ke haifar da rikici: riba ta daɗe tana shigowa, bankuna su saki jiki, har a koma cin sabon bashi don biyan ruwan tsoho. Ba a waiwaye shi sosai ba sai da rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya auku. Gyaran tsarin yake nema, ba rusa shi ba.

Idan kundin digiri za ka rubuta a kan wannan batu, fara zama da malamin da zai duba maka, don wasu sassan jami'a sai da lissafi suke karɓar hujja.