Sanyaya Kwamfuta Ƙasa da Sifili a Zafin Garwa: Riba ko Asara?

Wani mai shago a Garwa, wanda ke haɗa bidiyon biki kuma yake ba samari hayar kwamfutar wasa awa-awa, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na tara jaka ɗari bakwai. An ce in na sa injin da ke sanyaya ruwa ƙasa da sifili, zan iya ƙara wa furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da katin hoto (mai sarrafa hoto da bidiyo) gudu fiye da yadda kamfani ya saita. In zuba kuɗina a nan?"

Alhaji, kada ka zuba. Abin da aka gaya maka gaskiya ne a fannin fasaha, amma lissafin ciniki bai goyi bayansa ba.

Furosesan zamani na Intel da AMD da kansu suke ƙara gudu har kusa da iyakarsu muddin ba su yi zafi ba. Abin da sanyi mai tsanani zai ƙara maka a aikin yau da kullum da wuya ya wuce kashi 10 cikin 100. Bidiyon da ke fita a awa ɗaya zai fita a minti 55. Yaron da ya biya kuɗin awa ba zai ƙara maka ko dala ba saboda wannan.

Ga kuma ɗawainiyar. Furosesa mai ƙarfi da aka matsa wa yana fitar da zafin wat 250 ko fiye, katin RTX 4090 kuma wat 450. Wat 700 ke nan da injin zai riƙa kwashewa. Injin sanyaya tankin kifi, irin na Hailea, ba ya sauka ƙasa da sifili. Masu wannan harka tsohuwar kilim ta taga, wato na'urar sanyaya ɗaki, suke farkewa, su tsoma ƙarfenta mai sanyi cikin kula cike da ruwa. Kwamfuresarta za ta ci wajen wat 400 zuwa 500, a watan Afirilu ma ta fi haka, tunda iskar da take hucewa a ciki ta haura digiri 40. Awa goma a rana, kilowat-awa 120 zuwa 150 a wata. Ɗauko takardar wutarka ka ninka da kanka.

Ruwa zalla ƙanƙara zai zama, sai an gauraya da gilaikol, wato ruwan lagireton mota. Kashi 30 cikin 100 yana jure wajen digiri 15 ƙasa da sifili, rabi da rabi kuma wajen 37. Sai dai da sanyi yakan yi kauri, famfo ya wahala, kuma bai kai ruwa ɗaukar zafi ba. Murfin robar akirilik da ruwan ke bi a ciki yana tsagewa da sanyi, tiyon robar PETG ba ya shiri da gilaikol.

Duk waɗannan da sauƙi. Abin da ke kashe kaya shi ne raɓa. Ka ga yadda kwalbar ruwan sanyi take zufa a kan tebur? Haka tiyo da ƙarfen da ke kan furosesa za su yi, a tsakiyar babban allon kwamfuta mai ɗauke da wuta. A lokacin hunturu da farkon bazara, in zafin ɗaki digiri 35 ne, laimar iska kashi 15, raɓa ba ta sauka sai abu ya yi sanyin digiri 4 ko 5. A watan Agusta kuwa, zafi 30, laima kashi 70, tun daga digiri 24 take farawa. Ƙasa da sifili dai ko wane wata ne sai ta sauka. Shi ya sa ake shafe ramin furosesa da man hana lema, a toshe kewayensa, a naɗe kowane tiyo da soson Armaflex, har bayan allon. Kafa ɗaya aka bari, ɗigo ɗaya ya isa. Ƙurar hunturu kuma in ta sha lema, laka take zama mai ɗaukar wuta.

Sai maganar ɗaukewar wuta, wadda kai ka fi ni sani idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Wuta na tafiya, ƙanƙarar da ta taru a kan tiyo za ta narke ta zuba. Ta dawo, ka kunna da gaggawa saboda mai biki na jira, allo ya ƙone. Kwamfuresa ma tana son hutun minti uku kafin a sake tashinta, kuma tashin nata yana girgiza ƙaramin janareta. Garanti babu: matsa wa furosesa yana soke shi, Intel ma ta daina sayar da inshorar da take yi wa masu wannan tun 2021. Katin da ya mutu, sai ka jira wani daga Duwala ko Kano, shago na zaune.

Da jaka ɗari bakwai ɗin nan, fara da na'urar daidaita wuta da batirin da zai ba ka minti goma ka kashe kwamfuta lafiya. Sa kilim ɗaya a ɗakin, a digiri 25, ka toshe kafofin ƙofa. Tana sanyaya duk injinan, tana busar da iska, samari ma sun fi daɗewa a zaune, kuma zamansu ne kuɗinka. Furosesa ka ɗora masa babbar fanka mai hasumiya biyu ko rufaffen lagireto mai milimita 360. A hure ƙura duk mako biyu da hunturu, a sake man furosesa shekara-shekara. Katin hoto kuwa rage masa ƙarfin wuta kaɗan da manhajar MSI Afterburner: zafi zai sauka, gudu kusan bai canza ba. Abin da ya rage ka tara wa kwamfuta ta biyu, wadda za ta ninka aikin gaba ɗaya.

In ranka ya nace sai injin ruwan sanyi, sayi ma'aunin laima, ka saita ruwan digiri 3 sama da inda raɓa ke farawa, ka riƙa gyara saitin da zarar damina ta kama. Kuma a kan injin gwaji za ka fara, ba wanda bidiyon mutane ke ciki ba.