Tambaya da Amsa: Tifar da ba ta hawa kwalta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni direban tifa ne, shekarata goma sha biyu ina jigilar yashi da tsakuwa. Kwanan baya ɗana ya nuna mini hoton wata tifa a wayarsa, ga mutum tsaye kusa da tayarta amma ko rabinta bai kai ba. Shin da gaske akwai irin wannan mota, ko haɗin kwamfuta ne? Idan akwai, ta wace hanya take bi ta isa wurin aiki? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, akwai su, kuma aikinsu ɗaya ne, wato kwashe ƙasa da duwatsu a manyan ramukan haƙar ma'adinai. Wadda ta fi kowace ɗaukar kaya ita ce BelAZ 75710, wadda aka fito da ita a ƙasar Belarus a 2013. Tana ɗaukar tan 450 a sawu ɗaya, lodin tifa goma sha biyar ke nan idan kowace ta ɗauki tan 30. Tsawonta ya ɗara mita 20, tsayinta ya haura mita 8, kuma tana tafiya a kan tayoyi takwas, kowace tsayinta wajen mita 4, saboda haka mutumin da ka gani a hoton ba wada ba ne.

Abin da zai fi ba ka mamaki a matsayinka na direba shi ne ba ta da giya irin wadda ka saba sauyawa. Injinan dizal guda biyu ne a cikinta, sai dai ba su ke juya tayoyi kai tsaye ba. Janareta suke juyawa, wutar lantarkin da ta samu kuma ita ke tuƙa ƙafafun. Idan ta nufo gangara da lodi, da wannan lantarkin ake rage mata gudu, domin birki na yau da kullum zai ƙone tun ba a je ko'ina ba. Kamfanin Caterpillar na Amurka, wanda daga sunansa muka samo kalmar katafila, ya bi wata hanyar dabam a motarsa 797F mai ɗaukar kimanin tan 363, inda ya bar mata giya.

Game da hanya kuwa, ba ta hawa kwalta ko kaɗan, don faɗinta ya kusa mita 10, kuma ko babu kaya nauyinta tan 360 ne, wanda gadojin titi ba don irinsa aka gina su ba. A wargaje ake kawo ta, a jirgin ruwa ko na ƙasa da kuma bayan tireloli, sannan injiniyoyi da makanikai su harhaɗa ta a bakin ramin da za ta yi aiki.

Duk da wannan girma, ƙanwa ce a gaban na'urar haƙa ta Bagger 293 da ke mahaƙar kwal ta Hambach a Jamus, wadda tsayinta ya kai mita 96, nauyinta kuma tan 14,200.

A ganina, wahalar tuƙa irin wannan tifa tana wajen gani. Direba yana zaune can sama, sai ya hau tsani kafin ya isa kujerarsa, kuma ƙaramar mota tana iya fakewa a gabansa bai san da ita ba. Shi ya sa a manyan mahaƙai ake ɗaura wa ƙananan motoci doguwar sanda mai tuta, kuma ba a yarda su matso kusa ba sai sun yi magana da direban ta rediyo ya amsa.