Takardar karen jagora, da maganar zuwa da shi Maraɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena makaho ne, shekararsa uku yana karatu a Faransa. Bara wata makarantar horar da karnuka ta ba shi karen jagora. Kwanan baya wani mai gidan abinci ya tare shi a ƙofa, ya ce sai ya ga takarda. Shin dole ne ya nuna? Kuma yana so ya zo da karen hutun bana, amma Baba ya ce kare ba zai kwana masa a gida ba. Daga wata ƴar'uwa, unguwar Bagalam, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi sa'ar karatu. A Faransa dai dokar 30 ga Yuli 1987 ta ba karen jagora izinin shiga duk inda jama'a ke shiga, har motar haya da jirgin ƙasa, ba tare da an ƙara wa mai shi ko dala ba. Dokar 11 ga Fabrairu 2005 ce ta ƙara maganar sufuri da ta kuɗin a cikinta, ta kuma ɗauke wa karen sa takunkumi. Wanda ya hana shi shiga ana iya cin sa tarar da ta kai yuro 450, kusan jika 295 ke nan a kuɗinmu.

Sai dai izinin yana tafiya ne da shaida guda biyu. Ɗaya ta mutum ce, katin naƙasassu da ake kira CMI, wanda aka fara bayarwa a 2017. Ɗaya ta karen ce, takardar shaida ta ƙasa da aka ƙirƙiro a 2014, wadda makarantar da ta hore shi ke bayarwa. Saboda haka mai gidan abincin bai yi laifi ba don ya tambaya. Laifin yana farawa ne idan an nuna masa ya kafe. Ki ce wa ƙanen naki ya sa shaidun biyu cikin aljihun gaban riga inda hannu zai kai ba lalube, ya kuma ajiye hotonsu a waya. Na san da ciwo mutum ya riƙa tabbatar da makantarsa a bakin ƙofa mutane na kallo, amma minti ɗaya na nuna kati ya fi sa'a guda ta cacar baki.

Kada ya ɗauka ko'ina haka ne. A Amurka dokar naƙasassu ta 1990 ba ta neman wata takarda. Tambaya biyu kawai aka yarda mai shago ya yi: karen na larura ne, kuma wane aiki aka koya masa? Jirgin sama ne daban, tun 2021 kamfani na iya neman a cika fom. Ingila ma dokar 2010 ba ta tilasta kati ba.

To, maganar zuwa gida, nan ne nake so ki buɗe kunne. Fitowa da kare daga Turai ba ta kai komawa da shi wuya ba. Dole ya kasance da ƴar na'urar shaida da ake sa wa ƙarƙashin fata, kamar ƙwayar shinkafa, mai lamba 15, da allurar rigakafin haukan kare da ba ta ƙare ba, da fasfonsa na dabbobi. Kuma tunda Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da Tarayyar Turai ta sauƙaƙa wa, sai an gwada jininsa an ga allurar ta kama. In an yi gwajin kafin ya baro Faransa, likitan dabbobi ya rubuta a fasfo, zai koma ba jira. In aka bari sai an zo nan, wata uku cur zai yi bayan ɗibar jinin kafin a bar shi ya shiga. Lakwal ta buɗe, kare yana Bagalam.

Game da Baba, kada ku je masa da dokar Faransa, ba ta da aiki a zaurensa. Ku je da malamin da yake jin maganarsa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona. A 2008 wata majalisar malaman shari'a a Ingila ta yarda wani saurayi makaho ya je masallaci a garin Lesta da karensa, aka ware wa karen wuri a bakin shiga, ba ya taka inda ake salla. Rumfa a gefen tsakar gida da kwanonsa na kansa za su iya raba gardama.

Ni kam da ɗana ne, zan ce ya sake tunani. An hore karen nan ne a titi mai gefen masu tafiya a ƙasa. Ki kwatanta shi a bakin babbar kasuwa da damina: kabu-kabu ta dama, amalanke ta hagu, ruwa kwance, yara da duwatsu, ga karnukan unguwa da ba a taɓa yi wa allura ba. Ina yaro na yi wa kakana jagora zuwa masallacin Juma'a, sanda a tsakaninmu, ni gaba shi baya, kuma ko ni mai baki sai na yi ta cewa “rami, Kaka” kafin mu isa. Ƙanen naki ya tambayi makarantar da ta ba shi karen ko akwai iyalin da za su riƙe masa shi na wata biyu, ya taho da farar sandarsa. In ya nace sai da karen, gwajin jinin nan shi ne abin da zai fara yi, tun kafin ya sayi tikiti.