Gwangwanin Tabar Lofe a Hannun Manomi: Amsoshin Tambayoyinku

Wani manomin rani daga Kura, jihar Kano: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar gwangwanayen tabar lofe kusan ashirin a akwatinsa, irin masu faɗin nan da ke da roba a cikin murfi. Tun yana aikin jirgin ƙasa yake tara su. 'Yan gwangwan sun taya, na hana. Ina so in riƙa ajiye irin tumatir da tattasai a ciki. Akwai matsala?

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ka kyauta da ba ka sayar ba, domin abin da za su ba ka a kan sikeli bai kai amfanin gwangwani ɗaya ba. An ƙera shi ne don ya hana iska da laima shiga wurin taba, kuma abin da iri yake buƙata ke nan. Haske ba ya ratsa shi, ɓera ba ya iya huda shi, gara ma haka.

Amma kafin ƙwayar iri ko ɗaya ta shiga, sai ka raba shi da taba gaba ɗaya. Ba don wari ba. Akwai wata cutar bairos da ke sa ganyen taba ya yi dabbare-dabbare, wani wuri kore shar, wani wuri ɗorawa-ɗorawa, ganyen ya yamutse, shukar ta tsumbure. Ita ce bairos ta farko da masana suka gano a duniya. Wani masani ɗan ƙasar Holand mai suna Beijerinck ne ya bayyana ta a 1898. Tana kama tumatir da tattasai da attaruhu, domin duk dangin taba ne. Abin da ya sa nake tsoronta shi ne taurin ranta: tana iya yin shekaru masu yawa a cikin busasshen ganyen taba ba ta mutu ba. Ba ta jiran ƙwaro ya ɗauke ta. Hannunka ya isa, ko wuƙarka, ko rigarka idan ta goga ganye. In ta shiga gona kuwa, babu feshin da zai warkar da shukar, sai dai a tuge a ƙone. Shi ya sa a wuraren renon tumatir da suka san abin da suke yi ake hana ma'aikaci taɓa dashe bayan ya sha taba, sai ya wanke hannu da sabulu.

To, ka kakkaɓe ɓurɓushin da ke ciki, ka wanke da ruwan zafi da sabulu, ka bi lungun robar da tsohon buroshin goge baki. Sannan ka jiƙa shi minti 10 a ruwan bilic, kashi ɗaya na bilic cikin kashi tara na ruwa. Ka ɗauraye sosai, ka kife shi a rana nan take, don bilic yana jawo tsatsa. Wanda ka ga tsatsa ta riga ta ci cikinsa, ware shi, yana da wani aikin.

Sai babban abin, wanda yawancinmu a nan muke faɗuwa. Gwangwani ba ya busar da iri. Yadda ka sa shi haka zai tsare shi. Idan ka rufe iri da sauran danshi, ka haƙa masa kabari ne, bayan wata biyu za ka buɗe ka tarar da fumfuna. Masana iri suna da wani ma'auni mai sauƙi: duk lokacin da danshin iri ya ragu da kashi 1 cikin 100, tsawon ransa yakan ninka, haka ma idan zafin wurin ajiya ya sauka da digiri 5. Saboda haka ka shanya irin a inuwa, inda iska ke kaɗawa, na mako guda ko fiye. Irin tattasai in ya bushe, idan ka lanƙwasa shi karyewa zai yi, ba lanƙwasuwa ba. Lokacin hunturu ya fi kowane lokaci dacewa da rufe iri. Wanda ya rufe a tsakiyar marka, laimar watan Agusta ya kulle a ciki.

Kada ka zuba shi tsirara a kan ƙarfe. Ƙunsa a takarda, ka rubuta sunan irin da watan da ka cire shi. Ka ƙulla ɗan gawayi busasshe ko soyayyar ɗanyar shinkafa a ƙyalle ka jefa ciki, su tsotse laimar da ta rage. Robar murfin Baba ta tsufa, don haka ka zagaye bakin da salatif ko ka ɗiga masa kakin zuma. Ajiye shi a ƙuryar ɗakin ƙasa, ba a saman bango ƙarƙashin rufin kwano ba, inda zafin Afrilu zai dafa shi. Irin tumatir da aka yi wa haka yakan kai shekara uku zuwa huɗu yana tsiro.

Abu ɗaya kuma: in tumatirin da kake nomawa irin aure ne, wanda aka rubuta F1 a jikin fakitinsa, kada ka wahalar da kanka da cire iri. 'Ya'yansa ba sa gadon uwarsu.

Wani mai noman albasa daga yankin Galmi, Nijar: Na ajiye baƙin irin albasa a irin wannan gwangwani shekara biyu. Zan iya dogara da shi bana?

Alhaji, ban ba ka shawarar dogara da shi ido rufe ba. Irin albasa gajeren rai ne da shi, a zafin ƙasarmu yakan fara rauni bayan shekara guda, ko da ajiyar ta yi kyau. Gwada shi tukuna, kuma gwangwanin kansa zai yi maka aikin. Ɗauki wani daban, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a ciki, ka ƙirga ƙwaya 100 ka jera, ka ɗora murfi ba tare da ka danne ba. Kullum ka duba kada ƙyallen ya bushe. Bayan kwana 12 ka ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun haura 80, bismillah. In tsakanin 50 da 70 ne, ƙara yawan da za ka yafa a wurin reno. In ba su kai rabi ba, nemi sabo tun kafin lokaci ya ƙure maka.

Wata manomiya daga Maradi: An rubuta giram 50 a jikin gwangwanin. Zan iya auna taki da shi?

Hajiya, wannan nauyin taba ne, ba na taki ba. Taba sakwaf take, takin zamani kuwa yana da nauyi, don haka cikin gwangwanin zai ɗauki fiye da abin da aka rubuta. Ki kai shi wurin mai sikeli, a cika shi da takin da kike amfani da shi, a share baki, a faɗa miki nauyinsa, ki rubuta a gindinsa. NPK da yuriya ma ba nauyinsu ɗaya ba, kowanne a auna shi daban.

Idan gero ko dawa za ki shuka, gwangwanin ya yi girma a matsayin ma'aunin rami guda. Dabarar sa taki kaɗan-kaɗan da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta yaɗa a Nijar giram 6 ne na NPK 15-15-15 a kowane rami, wato cikin murfin kwalbar lemo. A gonar da ke da rami 10,000 a hekta, kilo 60 ke nan. Ki riƙe gwangwanin a hannu a matsayin mazubi, ki riƙa ɗiba da murfin kwalba. Da kin gama ki wanke ki shanya, don taki yana cin ƙarfe, in ya riƙa kwana ciki za ki ga gwangwanin ya fara tsatsa.

Wani matashi daga Funtuwa: Nakan rage garin maganin wanke iri, wani lokaci da ƙwayar Phostoxin, maganin ƙwarin hatsi, ɗaya ko biyu. Tun da murfin yana kamawa, in adana su a ciki?

A'a. A nan ba na sassautawa. Ƙaramin gwangwani mai ƙyalli abin wasan yara ne, kuma wanda ya tsince shi a ɗaki zai ɗauka alewa ce ko magani. Guba tana zama a cikin mazubinta na asali mai rubutu, a kulle, nesa da ɗakin kwana da wurin girki. Ita Phostoxin kuwa, da ta sha laimar iska sai ta fara fitar da iskar da ke kashe mutum yana barci, kuma tsohuwar roba ba za ta riƙe ta ba. In waken iri kake so ka tsare daga ƙwari, nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko jarka mai murfi ka cika ta taf. Rashin iska ke kashe su, ba sai da guba ba.

Tun da mun zo nan, in ƙara da masu jiƙa guntun taba su yi feshi da ruwan. Yana kashe ƙwari, gaskiya ne, amma nikotin, gubar da ke cikin taba, yana shiga jikin mai feshi ta fata, kuma a kan tumatir da tattasai kana iya watsa cutar da na ambata a sama da hannunka.

Wani mai kiwon zuma daga Zariya: Nawa duk sun yi tsatsa. In zubar?

Kada ka zubar. In amyarka a kan teburi take, sa kowace ƙafa a cikin gwangwani guda ka zuba baƙin mai kaɗan, tururuwa da cinnaka ba za su haura ba. Sai dai ka riƙa cire ganyen da ya faɗa ciki, don gada yake zame musu. Sauran ka zuba musu ƙananan kayan da kullum suke ɓata a gona: bakin famfon feshi, wosha, fulogin injin ban ruwa, reza da zaren auren mangwaro. Ka shafa ɗan mai a bakin murfin, in ba haka ba ranar da kake sauri zai ƙi buɗuwa.